Tuffa Mai Kaushin Ɓawo da Magaryar Bakin Gona

Tuffar da masu tire ke jerawa a bakin titin Birnin Kudu ba ta san ƙasar nan ba. Mafi yawanta daga gonakin Afirka ta Kudu take fitowa, ta kwana a ɗakin sanyi na jirgin ruwa, ta sauka Legas, ta hau mota zuwa Kano, sannan ta iso mana, ja ko koriya, tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Idan mutumin Surko ya ce yana son dasa tuffa a gidansa, wannan ce a ransa. Yanzu kuma da waya ta shiga hannun kowa, tallan dashen tuffa na yawo a Facebook da WhatsApp, da hoton bishiya ta sunkuya saboda 'ya'ya. Kafin mutum ya tura kuɗinsa, ya kuma kwashe shekara huɗu ko biyar yana ban ruwa da guga, yana da kyau mu san tarihin abin da ake tallata mana.

Sunan daga Larabci muka aro shi, amma bishiyar ba ta Larabawa ba ce. Kakarta tana nan har yau a dazukan duwatsun Tiyan Shan, a ƙasar Kazakistan, kusa da birnin Almati. Masanin tsirrai ɗan Rasha, Nikolai Vavilov, ya isa can a 1929, ya tarar da daji sukutum na tuffa, kowace bishiya da irin 'ya'yanta, wata zaƙi, wata tsami, wata ɗaci. Daga nan ya gane cewa tushen ke nan. Fatake ne suka ɗauko ta ta hanyoyin cinikin siliki, ta haɗu da danginta na jeji a kan hanya, har ta shiga lambunan Farisa da Girka da Rum. Shi kuwa Vavilov, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tara iri don maganin yunwa, yunwa ce ta kashe shi a kurkukun Saratov a 1943.

Abin da ya gani a dajin nan shi ne babban sirrin tuffa: ƙwallonta ba ya gadon uwa. Ka ci mai zaƙi, ka shuka ƙwayoyin da ke cikinta guda biyar, za ka sami bishiya biyar daban-daban, kuma da wuya ɗaya ta yi daɗi. Hanya ɗaya ce ta riƙe iri mai kyau, wato aure: a yanko reshe daga bishiyar da ake so, a ɗaura shi kan gindin wata, su haɗe su zama ɗaya. Girkawa da Rumawa sun san wannan dabara, kuma Ibn al-Awwam, manomin Ishbiliya a Andalus, ya yi mata dogon bayani a littafinsa Kitab al-Filaha tun ƙarni na 12. Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun san bambancin kwafar fayil da sake rubuta shi da ka. Aure kwafi ne. Shuka ƙwallo caca ce.

A cikin irin da aure ya riƙe akwai wani dangi da Turawa ke kira raset. Ba ta da kyan gani. Ɓawonta ruwan ƙasa ne, da kaushi kamar bayan goruba, ba ya sheƙi ko ka goge shi da riga. Amma naman ciki tauri gare shi, ga zaƙi mai nauyi, ga ƙamshi. Wadda ake kira Roxbury Russet ta fito daga wani gari kusa da Boston tun ƙarni na 17, kuma ana ɗaukarta a matsayin mafi tsufa cikin irin tuffar da aka samar a Amurka. A Ingila akwai Ashmead's Kernel, wadda aka raina a Gloucester wajen shekarar 1700, da Egremont Russet, wadda aka fara rubuta sunanta a 1872. Duk bishiyar Egremont da ke raye yau, a ko'ina take, reshe ce daga reshe, har zuwa wancan itace guda na farko.

Mutanen wancan zamani ba don kwalliya suke dasa ta ba. Babu firji, hunturu kuma dogo ne. Irin su Roxbury suna iya yin watanni a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa ba su ruɓe ba, har sanyi ya wuce. Matsayinta a wurinsu kusan matsayin gero ne a rumbu.

Sai kasuwa ta canza. Wani manomi a Iowa mai suna Jesse Hiatt ya sami wata bishiya ta tsiro masa ba shi ya shuka ba, kamfanin Stark ya sayi irin a shekarun 1890 ya raɗa mata suna Delicious. Daga baya masu gonaki suka riƙa zaɓen rassan da 'ya'yansu suka fi ja, suna aura su, har launi ya rinjayi ɗanɗano. A shekarun 1920 kuma Franklin Kidd da Cyril West, a Cambridge, suka gano yadda ake rage iskar da 'ya'yan itace ke shaƙa a ma'ajiya don kada su nuna da wuri. Da kowace tuffa ta iya jure ajiya, fifikon raset ya ƙare, sai muninta ya rage. Mai saye da ido yake saye. Kaushin da a da alama ce ta inganci ya koma aibi da ake rage wa kaya daraja saboda shi. Raset ta tsira ne a lambunan bayan gida, wurin mutanen da don bakinsu suke dasawa.

To ko za ta yi a Surko? Ba za ta yi ba, kuma ba laifin ƙasa ko taki ba ne. Tuffa barci take yi da hunturu, ba ta kuma farkawa ta yi fure sai ta ƙirga sa'o'in sanyi. Irin na Ingila suna son kusan awa 1,000 a ƙasa da digiri 7, wato fiye da kwana 40 a jere idan aka haɗa su. Sanyin da ke sa mu hura wuta a ƙofar gida a watan Janairu da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, shi ma na 'yan sa'o'in asuba ne. Bishiyar za ta iya rayuwa, ta yi ganye jefi-jefi, ta yi ta jiran sanyin da ba zai zo ba.

Akwai irin da aka samar don ƙasashe masu ɗumi. Anna ta fito daga Isra'ila a ƙarshen shekarun 1950, Dorsett Golden kuma daga tsibiran Bahamas, ana dasa su tare don su ba juna barbara. A Batu, cikin tsibirin Jaba na Indonesiya, manoma na tsige ganyen bishiyar da hannu bayan girbi, su lanƙwasa rassan, ta ɗauka hunturu ya wuce, har su girbe sau biyu a shekara. Sai dai Batu kan tudu take. Haka ma wuraren da tuffa ke ɗan yi a Najeriya, Jos da Mambila, dukkansu sun haura mita 1,200. Mu a nan ba mu kai mita 500 ba, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Mai son gwada Anna don sha'awa ba za mu hana shi ba, amma ya tambayi mai dashen sunan irin, ya kuma nemi a nuna masa tabon aure a jikin karan. Idan babu suna babu tabo, ƙwallo aka shuka masa a leda.

Kada wannan ya sa mu ɗauka baƙuwar bishiya ba ta zama 'yar gida. Darbejiyar da ke kowace ƙofar gida a 1928 aka shigo da ita Borno, asalinta kuma Indiya. Mangwaro ma ɗan can ne. Ya zauna da mu ne saboda sanyinmu daidai yake da buƙatarsa: busasshiyar iskar hunturu da ɗan sanyin dare su ke sa shi fure. Mangwaron gargajiya mai zare yana da wata baiwa da tuffa ba ta da ita, ƙwallonsa yakan fitar da tsiro fiye da ɗaya, kuma yawancinsu kwafin uwa ne, shi ya sa ya bazu ba tare da kowa ya koyi aure ba. Manyan irin da ake rububi a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, su Juli da Fita, su ne ke buƙatar aure, kuma a kan gindin wancan mai zaren da muke rainawa ake ɗora su. Labarin ido da baki ma ya maimaitu a mangwaro. Tommy Atkins, wanda ya cika manyan kantunan Turai, ya yi fice ne don ja da jure tafiya. Ko a Florida inda ya fito, masu tantance iri sun fara ƙin sa ne saboda zare da ƙarancin daɗi.

Amma abin da ya fi kusa da tuffar lambu a ƙasarmu, a ganinmu, magarya ce. Wannan dai mai ƙaya da yara ke tsinta a hanyar gona, awaki na cin ganyenta. Manoman Indiya sun daɗe suna zaɓen nata irin, suka fitar da su Gola da Umran da Seb, kuma kalmar seb a harshen Hindi tuffa take nufi. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, Farfesa Dov Pasternak da abokan aikinsa sun yaɗa waɗannan iri a shekarun 2000, ana aura su kan magaryar gida, aka sa musu suna tuffar Sahel. 'Ya'yan sun ninka na jeji girma sau da yawa, ana cin su ɗanye, suna ƙaras-ƙaras a baki, ga sinadarin bitamin C da ya fi na tuffar kanti nesa ba kusa ba.

Ba ta rasa nata matsaloli. Ƙudan 'ya'yan itace na huda ta, tsuntsaye na son ta, ba ta kuma daɗewa bayan an tsinke, sai an kai kasuwar Sara ko Birnin Kudu cikin 'yan kwanaki. Tana buƙatar sassabe mai tsanani duk shekara da bazara, domin sabon reshe ne ke yin 'ya'ya, kuma duk tsiron da ya fito ƙasa da tabon aure sai an cire shi, in ba haka ba ta jeji ta ƙwace bishiyar. Wanda ke da tsohuwar magarya a bakin gona ba sai ya sayi dashe ba. A sare ta, a jira ta tofo, a aura sabon irin kan tsiron, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Saiwar da ta riga ta yi shekaru tana neman ruwa a ƙasa ita za ta ɗauki nauyi, kuma sau da yawa a shekarar farko ko ta biyu ake fara tsinka, cikin sanyin hunturu, lokacin da mangwaro fure kawai yake yi.