Alƙali Di: Na Cikin Littafi da Na Cikin Tarihi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda ƙarancin data ya hana su saurare.

Lokacin da nake hidimar ƙasa na tsinci wani littafi a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi. Bangonsa ya yage, amma na ga zanen wani mai dogon gemu zaune a kan kujerar shari'a, mutane sun durƙusa a gabansa. Sunan littafin The Chinese Nail Murders. A dare biyu na gama shi. Tun daga nan nake farautar sauran littattafan marubucin, Robert van Gulik, kuma su za mu tattauna yau.

Shi dai van Gulik ɗan ƙasar Holan ne. An haife shi a 1910, ya yi ƙuruciyarsa a tsibirin Java, sannan ya zama jami'in diflomasiyya. Ya yi aiki a Japan, ya kuma zauna a birnin Chongqing na ƙasar Sin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a can ma ya auri 'yar ƙasar. Ya ci karo da wani tsohon littafin Sinanci na ƙarni na 18 wanda ba a san marubucinsa ba, mai ba da labarin wani alƙali da ake kira Di. Ya fassara shi zuwa Turanci, ya buga a Tokyo a 1949. Daga nan sai ya shiga ƙirƙiro nasa labaran a kan wannan alƙali. Kafin rasuwarsa a 1967 ya rubuta littattafai fiye da 15, kuma shi da hannunsa yake zana hotunan ciki.

To me ya sa suke da daɗi? A tsohuwar ƙasar Sin, alƙalin gunduma shi ne komai: shi ne mai bincike, shi ne mai gabatar da ƙara, shi ne mai yanke hukunci, shi ne kuma mai karɓar haraji. Don haka a yawancin littattafan za ka ga Alƙali Di yana fama da shari'u uku a lokaci guda. Mataimakansa kuwa abin dariya: Ma Joong da Chiao Tai tsofaffin 'yan fashi ne da suka tuba, Tao Gan kuma tsohon ɗan damfara. A labaran Sinawa na asali, tun farko ake faɗa maka wanda ya yi kisan, wani lokaci ma fatalwa ce ke tona asiri. Van Gulik ya rage fatalwowin, ya ɓoye mai laifi sai ƙarshe. Sannan ya faɗa da kansa cewa tufafi da al'adun da ya zana na zamanin daular Ming ne, wato ɗaruruwan shekaru bayan zamanin alƙalin.

Amma fa akwai abin da ya tsaya mini a rai. A dokar wancan zamani, ba a yanke wa mutum hukunci sai ya amsa laifi da bakinsa, kuma doka ta yarda a azabtar da shi har ya amsa. Alƙali Di na littafi yana sa a yi bulala. Mu masu karatu ba ma damuwa, saboda marubuci ya riga ya nuna mana alƙalin nan ba ya kuskure. Akwai kuma takunkumi guda: wanda ya ɗora wa wani laifin ƙarya, hukuncin laifin kansa zai dawo. Shi ya sa a littafin da na fara karantawa, da alƙali ya sa aka tono gawa ba a ga alamar kisa ba, kujerarsa da ransa duka suka shiga haɗari.

Yanzu mu koma ga na tarihi. Sunansa Di Renjie, an haife shi a 630, zamanin daular Tang. Tsohon kundin tarihin daular ya ce da yake aiki a babbar kotu, cikin shekara ɗaya ya warware shari'un da suka shafi mutum 17,000, ba wanda ya dawo da koke. A 690 wata mata, Wu Zetian, ta hau gadon sarauta da sunan kanta, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba a Sin, ba a kuma sake yi ba. A 691 ta naɗa Di cikin manyan waziranta.

Ita wannan sarauniya tana da 'yan leƙen asiri, babbansu wani Lai Junchen, wanda ya yi suna wajen azabtar da mutane. A 692 Lai ya zargi Di da wasu manyan jami'ai da shirya tawaye. Ƙa'idar lokacin ita ce, wanda ya amsa laifi tun tambayar farko ana iya sassauta masa hukuncin kisa. Kun san abin da babban alƙalin nan ya yi? Ya amsa. Nan take. Laifin da bai aikata ba.

Da masu gadi suka saki jiki, sai ya yagi ƙyalle ya rubuta kokensa, ya cusa cikin audugar rigarsa ta sanyi, ya roƙa a kai rigar gida a cire audugar wai zafi ya shigo. Ɗansa ya ga takardar, ya kai fada. Da sarauniya ta kira shi ta tambaye shi dalilin amsa laifin, ya nuna mata cewa da bai amsa ba, da tuni ya mutu a ƙarƙashin bulala. Ya tsira da ransa, amma aka rage masa muƙami, aka tura shi alƙalin wata ƙaramar gunduma mai suna Pengze. Shi kuwa Lai, a 697 aka kashe shi, shekarar da Di ya dawo kujerar waziri. Yana cikin waɗanda suka shawo kan sarauniya ta mayar da ɗanta yarima mai jiran gado maimakon 'ya'yan 'yan'uwanta. Ya rasu a 700, bayan shekara biyar kuma daular Tang ta dawo.

Wallahi tunda na karanta wannan tarihi, karatun littattafan ya canza mini. A littafi, tsarin yana tafiya daidai saboda mai riƙe da bulalar mutumin kirki ne. A tarihi kuwa, ranar da bulalar ta koma hannun Lai, shi kansa mutumin kirkin sai da ya yi ƙarya a kan kansa. Kuma ku lura da abin da ya cece shi: ya iya rubutu, yana da ɗa mai hanyar shiga fada, sarauniya kuma ta san shi. Manomin da aka kama a ƙauye fa, wa zai buɗe audugar rigarsa? Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wajen bincike ya san nauyin wannan tambaya. Idan aka ce maka wane ya amsa laifinsa, ka fara tambaya: a wane hali ya amsa?

Ina ba ku shawara ku nemi littattafan. Wanda yake son ganin 'yan kasuwar Larabawa da Farisawa a tashar jirgin ruwan Sin ta wancan zamani, ya nemi Murder in Canton na 1966. Ku ji daɗin basirar Alƙali Di, amma idan kun zo wurin da aka ɗaga bulala, ku tuna da shekarar 692.

Mu haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.