Katin kasuwanci da magabatansa a ƙasar Gobir

Idan baƙo ya sauka a Sabon Birni yana neman mai gyaran injin ban-ruwa, da wuya a ba shi lambar gida ko sunan titi. Abin da zai ji shi ne laƙabin mutumin, da sunan ubangidan da ya koya masa aiki, sai kwatance irin na "wuce tasha, bar masallaci a damarka, ka tambayi mai shayi". In an yi dace wani yaro ya zaro ɗan kati daga aljihu, wanda gumi ya riga ya ci gefensa, ya miƙa masa. Wannan kati, da bai fi na cirar kuɗi girma ba, shi ne auta a cikin hanyoyin da masu sana'a a ƙasar Gobir suka bi suna sanar da duniya cewa ga su nan. Yayyensa sun girme shi da ɗaruruwan shekaru.

Yankin kansa tsohuwar mahaɗa ce. Kusa da Sabon Birni kufan Alƙalawa yake, birnin da Gobirawa suka kafa a ƙarni na 18, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, wanda kuma ya faɗa hannun mayaƙan jihadi a 1808, ran da Sarkin Gobir Yunfa ya kwanta dama. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wani reshe na gidan sarautar ya zauna a Tsibiri, kusa da Maraɗi, daga can ne kuma daga baya wani ɗan gidan, Ɗan Halima, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Duk wannan tashi da faɗuwa bai hana ayarin Buzaye saukowa da gishiri su koma da gero ba, bai kuma hana fatake bin hanyar Gwanja neman goro ba. Kasuwa irin wannan cike take da mutanen da ba su san juna ba, kuma tambayoyin da ake wa baƙo ba su wuce uku ba: kai ɗan wa ne, ina za a same ka, wa ya tsaya maka?

Amsar tambaya ta farko a fuska take. Tsagar Gobirawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, ta isa ta faɗi asalin mutum tun bai buɗe baki ba, kamar yadda lalas a wuyan raƙumi ko cinyarsa yake faɗin mai shi. Har yau Bagobiri ya shiga Ibadan, Bayerabe na ganin kuncinsa zai fara tsokana, shi ma ya rama, don wasan da ke tsakaninsu tsoho ne, kuma ciniki da yawa da shi aka buɗe shi.

Sana'a kuwa da sauti take tallar kanta. Mahauta na da kalangu: in aka ji shi yana tashi, gari ya san za a yi yanka, mai bukata ya tanadi kuɗinsa. Maƙera na da dundufa. Wanzami zabirarsa ce shaidarsa, 'yar talla muryarta, mai shela kuma ya zaga kasuwa da saƙon da aka ba shi. Manya suna da mawaƙa. Babu wata takarda da ta kai sunan Isa nesa kamar bakin Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙi, rediyo kuma ta ɗauka ta watsa har inda mai sauraro bai taɓa ganin gulbin Bunsuru ba. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da Narambaɗa, amma yana da maroƙin kasuwa da zai yi masa kirari a kan 'yan wuri.

Tambaya ta uku ita ce mai nauyi, kuma fatoma ne ke amsa ta. Baƙon da ya zo da kaya gidan fatoma yake sauka. Shi zai ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in an sayi kaya bashi shi ne jingina. La'adar da yake karɓa kuɗin sunansa ce. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan ya ga yadda masu gida Hausawa ke riƙe cinikin shanu da goro da wannan tsari, ya fitar da littafi a kai a 1969: dukiya mai yawa tana sauya hannu ba tare da an sa hannu a komai ba, domin akwai mutumin da kowa ya san gidansa, wanda in aka ci amana shi za a kama. Wanda ya gane wannan zai gane abin da ya sa kati a ƙasar Hausa bai taɓa zama abin dogaro shi kaɗai ba.

Takarda tana nan tun da, sai dai ba ta talla ba ce. Wadda malamai da magatakarda ke amfani da ita a ƙarni na 19 daga Italiya ake kawo yawancinta, ta ratso Sahara, in ka ɗaga ta ga haske ka ga jinjirin wata uku a jikinta. Abu mai tsada haka Alƙur'ani ake rubutawa da shi, da littattafan ilimi, da wasiƙun sarakuna masu hatimi. Ba wanda zai yayyanka ta ya raba wa masu wucewa.

A Landan aka yi wannan almubazzaranci, kuma dalilinsu ya yi kama da na Sabon Birni. A ƙarni na 17 da na 18 gidajen birnin ba su da lamba, sai allunan da ake ratayewa masu hoton zaki ko mabuɗi ko makamancinsu. Saboda haka katin ɗan kasuwa yakan ɗauki hoton allon shagonsa da kwatancen yadda za a isa. Mai zane William Hogarth ya sassaƙa wa kansa irin wannan kati a 1720. Wato katin asali hoto ne da kwatance, ba jerin muƙamai ba.

Turawa sun ƙara wa mutanen Gobir wata matsala. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta bar Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni da Isa a hannun Ingila. 'Yan uwa ɗaya, harshe ɗaya, amma boko biyu da kuɗi biyu, yau naira da sefa. Ɗab'i ya zo arewa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, Kamfanin Gaskiya ya kafu a Zariya a 1945, amma kafin maɗaba'a ta zama abin da tela zai iya shiga an daɗe. Abin da ya fara isowa ƙananan garuruwa shi ne mai fenti: allon shago da hoton keken ɗinki ko kan da aka yi wa aski, da rubutun jikin mota. Sai hatimin roba da littafin rasit, sai kalanda. Kati ya zauna a aljihun 'yan kwangila da ma'aikata, da Turanci tsantsa da lambar akwatin gidan waya.

Wayar salula ce ta sauko da shi. Kafin Agustan 2001, lokacin da Econet da MTN suka fara aiki, layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. Da lamba ta shiga hannun mai faci da mai kai albasa Kudu, sai aka sami abin da ya cancanci bugawa, don lamba goma sha ɗaya ba ta zama a ka kamar kirari. Kwamfuta ta sauƙaƙa sauran. Yaro mai CorelDraw a shagon buga takardu a Sakkwato zai tsara kati cikin ɗan lokaci, a buga ɗari, a ba direba ya taho da shi.

A nan ne ake yawan kuskure. Mai tsarawa yakan kwaikwayi katin banki: sunan kamfani mai tsawo wanda ko maƙwabcin mai shi bai taɓa ji ba, launi huɗu ko biyar, jerin sana'o'i tun daga sayar da siminti har shigo da kaya daga waje, duka a fili mai tsawon milimita 85 da faɗin 55. Rubutun ya ƙanƙance har dattijo ba ya iya gani, balle a hasken fitilar waya. Mutumin da duk gari ya sani da laƙabi ya ɓace a bayan suna na Turanci. Katin da ke aiki a wannan yanki shi ne wanda ya koma ga tambayoyin nan uku da ake wa baƙo. Laƙabin da aka san mutum da shi yana sama, da manyan baƙaƙe. Hoton sana'ar yana gefe, keken ɗinki ko injin ban-ruwa ko buhu, don da yawa daga masu saye ba su yi boko ba, ko kuma bokon Faransa suka yi. Layi ɗaya na ajami yakan kai inda Turanci bai kai ba. Adireshi kwatance ne, da ranar da ake samun mutum, misali Alhamis a kasuwar Shinkafi, wadda ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ya mayar wata jiha amma bai raba ta da mutanen Isa ba. Lamba kuwa biyu ce ga mai hulɗa da Maraɗi ko Madawa, ta Nijeriya mai farawa da +234 da ta Nijar mai +227. Masu wayo sukan bar bayan katin fari, ba sheƙi, don biro ya kama: tela ya rubuta ranar karɓar ɗinki, mai hatsi ya rubuta cikon kuɗi.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada katin. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Katin da ba shi da komai sai lamba ya zama takardar banza dare ɗaya. Mai kwatance da ranar kasuwa ya ci gaba da amfani, saƙo kuma ya koma bakin direbobi kamar zamanin da. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya sa takardar kuɗi ta yi wuya, sai lambar asusu mai lamba goma ta hau kati, ta hau sitika a jikin teburin mai shayi, tare da sunayen OPay da Moniepoint. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake nuna wa masu lamba biyu amfanin ta biyun.

Akwai kuma abin da mai tsara kati a Legas ba zai taɓa tunani ba. A inda ake satar mutane don kuɗin fansa, kati mai ƙyalli da ke cewa mai shi babban dila ne, ga gidansa ga lambarsa, yana iya faɗawa hannun da ba a nufa ba. Shi ya sa mai hankali yake sa rumfar kasuwa a maimakon gida, ya rage kirari, ya kuma duba wanda yake miƙa wa. Sau da yawa katin ba daga hannun mai shi yake isa ga sabon mai saye ba. Dillali ne ko direba ko tsohon abokin ciniki zai ciro shi ya ce, "Kira wannan, ka ce ni na turo ka."