Tsammanin Komawa Birnin Katsina

A harshen mutanen Foland akwai sifar "oczekiwany", wato abin da ake dako. Sun san nauyinta, domin daga 1795 zuwa 1918 ƙasarsu ba ta cikin taswira. Katsinawan Maraɗi ma sun ɗanɗana irin wannan jira.

Da Birnin Katsina ya faɗa hannun Ummarun Dallaje wajen 1807, tsohon gidan sarauta ya yi arewa. Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, yana ɗaukar wurin zango ne kafin a koma gida. Gobirawa ma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da burin ƙwato ƙasarsu. Ɗan Baskore ya sha kai yaƙi ƙasar Katsina, amma birnin bai samu ba. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a 1906 ta toshe hanyar.

Ambaliyar 1945 ta kori garin zuwa tudu, inda Sabon Gari yake yau. Zango ya zama gida, fatauci ya gaji yaƙi. Sai dai har yanzu Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi.