Yadda Zane Ya Ɗauki Labarin Auschwitz

A cikin shekarar 1978 wani mai zane na birnin Niyu Yok, Art Spiegelman, ya shiga zuwa wurin tsohonsa Vladek yana ɗaukar maganarsa. Shi Vladek Bayahude ne na ƙasar Polan, wanda Jamusawa suka kai sansanin Auschwitz a 1944, shi da matarsa Anja. Dukansu biyu suka tsira, amma ita Anja ta kashe kanta a 1968. Abin da tsohon nan ya faɗa, shi ɗan ya mayar labarin zane, watau hotuna jere cikin ƙananan akwatuna, da magana rubuce a cikinsu. Ya sa wa littafin suna Maus, watau ɓera da Jamusanci. Kashi na fari ya fito a 1986, na biyu a 1991, sa'an nan a 1992 aka ba shi lambar girma ta Pulitzer.

Ya zana Yahudawa da kan ɓera, Jamusawa da kan kyanwa. Da ma Hitila da mutanensa kan kwatanta Yahudawa da ɓeraye, sai ya ɗauki zagin nan ya ajiye shi a kowane shafi, ba ko gezau. In da a silima ne aka sa wa mutane fuskokin nan, da abin ya zama wasan yara. In kuwa da kalmomi zalla ne, sau ɗaya za a faɗa, mai karatu ya manta.

Amma inda gwanintar ta fi ƙarfi, wajen lokaci ne. Akwai wani shafi inda Vladek ke cikin mota tare da ɗansa da surukarsa, suna tafe cikin dajin Amurka za su kanti. Yana ba su labarin 'yan mata huɗu da aka rataye a Auschwitz domin sun sato albarushin da fursunoni suka yi tawaye da shi. To, a cikin akwatin nan guda, ga mota tana wucewa, ga kuma ƙafafun 'yan matan suna reto daga itatuwan bakin hanya. Tsakanin abubuwan nan biyu akwai shekara talatin da ɗoriya, ga teku, amma ido ɗaya ke ganinsu, lokaci ɗaya. Marubuci dole ya faɗi ɗaya kafin ɗaya. Mai silima yana iya haɗa su, sai dai hoton zai shuɗe ko mai kallo ya shirya ko bai shirya ba. A takarda kuwa suna nan tsaye, mutum ya duba sama, ya duba ƙasa, ya komo, har sai ya ga dama ya juya shafi.

Vladek bai ga littafin ba. Ya rasu a 1982, shekara huɗu kafin fitowar kashi na fari.