Tarihin Kalmar Nan Deviation

A cikin Ingilishi akwai wata kalma, deviate, wadda ma'anarta kauce wa hanya. Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan dā, inda de ke nufin barin abu, via kuwa hanya. Tun ƙarni na 17 Turawan Ingila ke amfani da ita. Matafiyin da ya saki turba, da mai jawabin da ya bar zancen da ya ɗauko, da ma'aikacin da ya saɓa ƙa'ida, duk da ita a ke kwatanta su. Shi kaucewar kuwa sunansa deviation. Amma ba inda kalmar ta yi nauyi kamar wurin masu tuƙin jirgin ruwa.

A tsakiyar teku ba gari, ba itace, ba sawun kowa. Abin dogaron matuƙi shi ne kamfas, watau wata allura mai maganaɗisu wadda kullum ta ke nuna arewa. To, ƙarfe yana jan wannan allura. Kyaftin Matthew Flinders, da ya kewaye Ostareliya tsakanin 1801 da 1803, ya lura ƙarafan cikin jirginsa suna karkatar da ita, kuma karkatar tana sākewa duk sa'ad da jirgin ya juya. Wannan shi matuƙa ke kira deviation. Ya ba da shawara a kafa sandan ƙarfe kusa da kamfas don ya daidaita jan. Har yau da sunansa a ke kiran sandan.

Da aka fara ƙera jirage da ƙarfe maimakon katako, sai cutar ta ƙaru. A 1838 George Airy, masanin taurari na Ingila, ya gwada gyara ta da ƙananan maganaɗisu, amma ba ta ƙare nan da nan ba.

Ran 19 ga Janairu 1854 wani sabon jirgin ƙarfe, Tayleur, ya tashi daga Libaful za shi Malbon, da mutum wajen 600. Matuƙa suna tsammanin kudu suka nufa, ashe sun karkata yamma. Ga hazo, ga hadiri, jirgin kuma ba ya juyawa da sauri. Ran 21 ga wata ya daki duwatsun tsibirin Lambay, kusa da Dablin, ya nutse. Mutum wajen 300 ko fi suka halaka, mata da yara kuwa kaɗan ƙwarai suka tsira.

Saboda irin wannan hasara ne aka dage ga auna kamfas ɗin kowane jirgi. Sai a juya jirgin a hankali ya fuskanci kowace kusurwa, a rubuta yawan karkatar allura a takarda, a ajiye ta kusa da matuƙi. Kaucewar da aka san girmanta ba ta ɓad da mutum, don kuwa sai ya lissafa ta ya koma kan hanya.