Likitan da Ya Zuba Wa Birni "Guba" a Ruwan Sha

Yau ba wanda ke tsoron ƙwayar kulorin da ake jefawa cikin jarka idan kwalara ta ɓarke. A 1908 kuwa, kallon guba ake yi wa sinadarin: an yarda a wanke ɗakin mai cuta da shi, amma ba a sha ba.

A lokacin, birnin Jersey City na Amurka ya maka kamfanin da ke ba shi ruwa a kotu, bisa zargin cewa ruwan madatsar Boonton ba shi da tsabtar da yarjejeniyarsu ta tanada. Kotu ta bar wa kamfanin ƙofar kawo wata dabara. Mai ba shi shawara, likita John Leal, wanda ciwon atuni ya kashe mahaifinsa, ya zaɓi garin kulorin. Injiniya George Fuller ya haɗa na'urar cikin kwana 99. Ranar 26 ga Satumba aka fara zubawa a ruwan mutum kusan 200,000, ba tare da an nemi yardarsu ba.

Kasada ce, ko kusa da ganganci. Sai dai ƙwayoyin cutar sun mutu, mutanen ba su mutu ba, kuma a 1910 kotu ta amince da dabarar.