Marubutan Gasar 1933 da Aikin Hukuma a Arewacin Nijeriya

Ƙagaggen labari a rubutun boko, wato rubutun Hausa da haruffan Romawa maimakon ajami, ya kafu ne a hannun ma'aikatan hukuma, domin a zamanin mulkin Turawa da wuya a sami wanda ya ƙware a wannan rubutu in ba wanda makarantar gwamnati ta horar don koyarwa ko aikin ofis ba. A shekarar 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasa tsakanin malaman Arewa don a samar wa makarantu littattafan karatu, kuma daga cikin abin da aka aiko aka buga guda biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma yana koyarwa a makarantar midil ta garin lokacin da ya rubuta labarinsa. Ganin gwanintarsa ne ya sa East ya nemi aronsa zuwa Zariya, inda ya tsara Magana Jari Ce a juzu'i uku, yana sarrafa labaran Larabawa da na Indiya da na Turai har suka sa rigar Hausawa, ta yadda mai karatu ba ya jin baƙuntarsu ko kaɗan. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 shi ya zama editanta Bahaushe na farko, kuma a nan ne Hausar rubutu ta samu daidaito da sauƙin da ɗalibai ke koyi da shi har yau. Ziyararsa Ingila a 1943, cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ta haifar da littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, amma daga baya siyasa da Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa suka cinye mafi yawan lokacinsa kafin rasuwarsa a 1981. Yayansa Bello Kagara kuwa ya bi hanyar shari'a har ya zama Walin Katsina.

Asarar da adabi ya yi ta fi fitowa fili a rayuwar Tafawa Ɓalewa. Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka kai ƙasashen Larabawa da na uwar da ta keta Sahara tana cigiyarsa, shi ne mafi natsuwa da zurfin tausayi a cikin biyar ɗin, kuma ya nuna marubucin da ya cancanci ya daɗe yana rubutu. Sai dai Tafawa Ɓalewa, wanda malami ne a makarantar midil ta Bauchi, ya shiga majalisa, ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966 bai sake fitar da wani ƙagaggen labari ba. Shekara goma bayan haka, a 1976, Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim.